Ofis da Safe, Aji da Yamma

Ma'aikacin gwamnati da ya so ƙaro ilimi a shekarun 1990 hanya biyu ce a gabansa. Ko dai ya nemi hutun karatu da albashi, wanda sai mai uwa a gindin murhu ko mai dogon haƙuri yake samu, ko kuwa ya riƙe kujerarsa ya shiga karatun yamma da na ƙarshen mako. Mafi yawanmu da muke aiki a hukumomin gidaje da ma'aikatun ƙasa da safiyo na jihohin Arewa ta biyun muka bi. Muna da iyali, muna da 'yan'uwa a ƙauye da suke sa ido ga ƙarshen wata, kuma tun da gwamnatin Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986 albashi ya daina kaiwa tsakiyar wata, balle mutum ya yi tunanin ajiye aiki. Sai mu tashi daga ofis ranar Juma'a, ana saukowa daga masallaci mu kama hanyar jami'a, mu yini Asabar a kan benci, ranar Litinin da safe kuma a same mu a bakin aiki.

Abin da muka je koyo shi ne raya gidaje da kula da su: yadda ake samun fili a tsara shi, a nemo kuɗin gini, a gina, a raba wa mutane, sannan a riƙe unguwar kada ta lalace. Jama'a ba su cika gane wannan fanni ba. Wasu su ɗauka zanen gini ne, wasu su ce ai dillanci ne aka kai makaranta. Alhali yana da ƙungiyarsa ta ƙwararru, NIESV, tun 1969, kuma dokar soja ta 1975 ta kafa hukumar da ke yi wa masu ƙiyasta darajar gidaje da filaye rajista. Magabatan wannan sana'a a Nijeriya da dama ta gidan waya suka yi karatunsu, daga Kwalejin Kula da Kadarori ta Ingila wadda aka kafa a 1919, suna aiki da rana suna amsa tambayoyi da dare, su aika takardu su jira makonni kafin sakamako ya dawo. Haɗa aiki da karatu shi ne asalin sana'ar, mu gado muka tarar. A Arewa ma tsarin ba baƙo ba ne. Cibiyar koyar da aikin mulki da ke Kongo a Zariya ta daɗe tana karɓar ma'aikatan En'e da na gwamnati ta horar da su su koma bakin aiki, tun kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna kuma, a reshenta na Barnawa, ita ta yaye da yawa daga cikin safiyoyi da masu tsara birane da jami'an filaye da muka tarar a ofis.

Sai an dubi gidajen da aka damƙa mana kafin a gane abin da ya kai mu aji. Kuɗin mai na shekarun 1970 sun sa gwamnati ta shiga gini da ƙarfinta. An kafa Hukumar Gidaje ta Tarayya a 1973. Shirin raya ƙasa na uku, na 1975 zuwa 1980, ya yi alƙawarin gidaje 202,000, abin da aka kammala kuwa bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. An mai da tsohuwar ƙungiyar ba da rancen gini ta zama Bankin Jinginar Gidaje na Tarayya a 1977. Da Alhaji Shehu Shagari ya hau mulki a 1979, abinci da muhalli ya sa a gaba, aka tsara gina gidaje 2,000 a kowace jiha duk shekara. Ba a kai ko kusa da hakan ba, amma abin da aka gina ya bar suna, domin har gobe akwai unguwar Shagari a Kano da Kaduna da Yola da Maiduguri da sauran garuruwa. Jihohi ma sun yi nasu: Kundila da Gwammaja a Kano, lokos na Malali da Barnawa a Kaduna. Duk wannan gini an yi shi ne da tunanin cewa ranar da aka yanke kirtani aka miƙa makullai aiki ya ƙare. Wanda zai karɓi haya, ya duba rufin da ke yoyo, ya sa a kwashe sokawe, ya raba rigimar maƙwabta a kan lambatu, galibi akawu ne da aka ɗauko daga wani sashe aka ajiye masa tarin fayil. Gina unguwa a bar ta babu mai kula da ita kamar haihuwa ce babu raino, kuma mu ne akawunan da aka bar wa rainon ba tare da an koya mana komai ba.

Ajinmu ya tara mutanen da da wuya ka gan su wuri ɗaya. Akwai jami'an filaye na ƙananan hukumomi, akwai ma'aikatan banki daga sashen rance, da soja mai kula da gidajen bariki, da mai kula da kwatas na ma'aikatan jirgin ƙasa, da 'yan kwangila da suka gaji da biyan wani ya lissafa musu aiki. Akwai mata, ba su da yawa, kuma nasu nauyin ya fi namu, don wata da goyo take zuwa, ta bar mai raino a gindin bishiya tana leƙawa tsakanin lacca da lacca. Wasu ɗaliban sun girmi malaman da ke koyar da su. Na ga mai furfura, wanda a ofishinsa sai an yi sallama an jira kafin a shiga, ya miƙe tsaye ya ce wa matashin malami, "Allah ya gafarta Malam, a maimaita mana, ban gane ba." Malamin kuma ya amsa masa da "To, Baba," ya koma allo ya faro daga farko.

Wahalar kuwa ba ta ɓuya. Ƙarshen mulkin Abacha lokaci ne na dogon layin mai, sai mutum ya sayi galan a wajen 'yan bumburutu da kuɗin cefanen gida don kada ya rasa jarrabawa. Yajin aikin malaman jami'a na 1996 ya cinye watanni, kuma mai karatun ƙarshen mako shi ne na ƙarshe da ake tunawa da shi idan an dawo. Ɗakin karatu yakan rufe a daidai lokacin da muke isowa. Littafi guda sai ya zagaya aji, kowa ya kai shi a yi masa hoto shafi-shafi. Da dare NEPA ta ɗauke wuta, a kunna fitilar ƙwai, yara na barci kai kana fama da jadawalin Parry, littafin alƙaluman da ake lissafa darajar haya ta shekaru masu zuwa da shi. Biki da suna da gaisuwar rasuwa na ranar Asabar duk sun wuce mu, kuma a ƙasar Hausa wannan ba ƙaramin bashi ba ne. Matanmu ne suka riƙa biyansa a madadinmu, suna kai gudummawa suna ba da haƙuri.

Amma abin da ya sa nake waiwayen wancan zamani ya wuce wahala. A ajin ne na ga yadda ilimi ke canja kama idan mai ɗaukarsa yana da aikin da zai gwada shi a kai washegari.

Ɗauki dokar ƙasa. Ɗalibin da ya fito daga sakandare zai haddace cewa dokar amfani da ƙasa ta Maris 1978 ta damƙa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna amana, cewa gwamna ke ba da takardar mallaka a birni, ƙaramar hukuma a karkara, cewa ba a sayarwa ko jinginarwa sai da amincewar gwamna, kuma an cusa dokar cikin tsarin mulkin 1979 don kada a taɓa ta cikin sauƙi. Zai kuma koyi cewa Arewa ta riga ta saba da irin wannan tsari tun dokar Turawa ta 1910 da ta Jihar Arewa ta 1962. Duk daidai ne. Mu kuwa da aka zo sashen biyan diyya, inda doka ta ce abin da aka dasa ko aka gina a kan ƙasa ake biya, ba ita ƙasar ba, sai aji ya yi tsit, domin a cikinmu akwai waɗanda suka taɓa tsayawa a gonar mutum suna ƙirga masa ɗorawa da mangwaro da rijiya, suka rubuta masa kuɗin da ba zai sayi ko kwatan fuloti a cikin gonar tasa ba. Daga nan muhawara ta ɓarke a kan abin da ya sa manoman bakin gari suke gaggawar yanka gonakinsu su sayar kafin gwamnati ta iso. Unguwannin awon igiya da suka kewaye Kano, masu lungunan da motar kashe gobara ba ta shiga, a littafi rashin bin doka ne. Wanda ya yi aikin diyya ya san cewa tsoron ita dokar ne ya haife su.

Haka darasin ƙiyasin daraja. An koya mana hanyoyi biyar da Turawan Ingila suka tsara: a kwatanta da gidan da aka sayar kusa, ko a duba hayar da gida ke kawowa, ko a lissafa kuɗin sake gina shi a cire tsufa, da sauran biyun da ake yi wa filin da za a raya da wuraren kasuwanci. Hanyoyi ne masu kyau, har yau da su nake aiki. Sai dai an gina su ne a kan ƙasar da kowane ciniki yake a rubuce. To yaya za ka yi da gidan ƙasa a cikin birni, wanda ba a taɓa ba da shi haya ba, ba shi da takarda sai shaidar mai unguwa da dattawan layi, kuma magada goma sha ne ke da haƙƙi a cikinsa, ga tumunin takaba, ga rabon maza da mata, ga wani ɗaki da marigayi ya ba wa ƙanwarsa ta zauna iya rayuwarta? Kotunan shari'a suna neman wanda zai yi wa irin wannan gida kuɗi kafin rabon gado, kuma abokan karatunmu da suka saba zuwa kotu su ne suka koya mana yadda ake yi: a nemi dillalan unguwa, a ji ta bakin fiye da ɗaya, a san wanda ke da ra'ayi a cinikin, a tambayi magini nawa azara da tubali za su ci yanzu. Malaminmu, Allah ya saka masa da alheri, bai ɗauki wannan raini ba. Yakan ajiye alli ya zauna ya saurara, wani lokaci har ya rubuta.

Inda abin ya fi taɓa ni shi ne batun fasalin gida. Gidajen lokos da muke kula da su an zana su ne da falo da ɗaki ɗaya ko uku, ƙofa tana kallon titi, tagogi a buɗe ga duk mai wucewa, kicin ɗan ƙarami a ciki. Bahaushe kuwa gidansa daga zaure yake farawa, inda baƙo namiji ke tsayawa, sannan shigifa, sannan tsakar gida inda mata ke daka da girki da wanki ba tare da idon waje ba. Gida ne mai girma tare da iyali: an yi wa yaro aure a ƙara ɗaki, tsohuwa ta dawo a yanka mata nata. Saboda haka duk wanda aka ba lokos, abu na farko da yake yi shi ne ya ja katanga. Bayan ta sai ɗan zaure a bakin ƙofa, sai rumfar girki a baya, sai shago a jikin katanga don a sami na cefane. Aikinmu a ofis shi ne mu rubuta masa takardar gargaɗi, mu shafa jan fenti a bango. Na rubuta irin waɗannan takardu da yawa. A aji ne, da muka karanta binciken da aka yi a kan gidajen Zariya da aikin magina irin wanda Farfesa Hamman Tukur Sa'ad ya yi, muka kuma je muka ga Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa tun ƙarni na 19, na fahimci cewa mazauna lokos gyara suke yi wa zanen da aka yi ba tare da an tambaye su ba. Laifinsu na gaskiya ɗaya ne, kuma babba ne: suna gini a kan magudanar ruwa da layin sokawe, damina ta zo unguwa ta cika. Da an bar musu fili a zanen farko, aka nuna musu inda za su ƙara da inda ba za su taɓa ba, da an huta da rigimar shekaru. Wasu daga cikinmu sun koma ofis da wannan shawara, kuma a inda shugabanni suka saurara an ga bambanci.

Darasin kuɗin gini shi ne ya fi zafi, domin a jikin albashinmu yake. Manufar gidaje ta ƙasa ta 1991 ta yi alƙawarin muhalli ga kowa kafin shekara ta 2000. Dokar Asusun Gidaje ta 1992 ta ce a riƙa cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashin duk ma'aikacin da ke samun naira 3,000 ko fiye a shekara, don ya sami rancen gina gida ta hannun ƙananan bankunan jingina. Ana cire mana, muna kuma zaune a aji ana bayyana mana yadda tsarin yake aiki. Da muka bi sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya sai muka ga inda ya toshe. Rance yana buƙatar takardar mallaka, takarda tana buƙatar fili na awon gwamnati da sa hannun gwamna, ƙaramin ma'aikaci kuwa fulotinsa na awon igiya ne. Ga kuma kuɗin ruwa, wanda mutanenmu da yawa ba za su kusanta ba ko da an sauƙaƙa komai, kuma sai a 2012 bankin Jaiz ya buɗe ƙofa da tsarin da babu ruwa. Shirin gidaje 121,000 da aka ƙaddamar a 1994, lokacin Alhaji Lateef Jakande yana ministan ayyuka da gidaje, mutane sun zuba kuɗin ajiya, kaɗan ne suka ga makulli. Yadda talaka ke gina gida a zahiri kowa a ajin ya sani, don haka muke gina namu: adashi, bulo ɗari yau, buhun siminti biyar gobe, a rufa ɗaki ɗaya da kwano a tare, sauran a bar wa shekaru. Babu babi a kan wannan a littattafanmu, amma da yawanmu a kansa muka rubuta kundin kammala karatu, kuma ina da yaƙinin cewa waɗannan kundaye, da suke cin ƙura a ɗakunan ajiya na jami'o'i, sun fi wasu rahotannin da aka biya miliyoyi a kansu gaskiya.

Ba kowa ne ya zo don ilimi ba. Akwai wanda takardar kawai yake so don ya tsallake matakin albashin da ya maƙale a kai, ya aiko a sa masa hannu a rajista, sai ranar jarrabawa a gan shi. Akwai kuma jami'o'in da suka mai da karatun ƙarshen mako saniyar tatsa, suka buɗe rassa a azuzuwan firamare na garuruwa masu nisa, babu ɗakin karatu babu malami na dindindin. Wannan ne ya sa aka rufe irin waɗannan rassa a farkon shekarun 2000, kuma a 2012 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta dakatar da karatun wucin-gadi gaba ɗaya na wani lokaci don a tantance. Gyaran ya zama dole. Sai dai ya bar tabo, har ya zama idan mutum ya ce ta wannan hanya ya yi karatu sai a riƙa yi masa kallon mai rabin digiri, alhali a fanninmu shi ne ya fi kowa sanin abin da ya karanta.

Aikin ma ya canja a hannunmu. Daga 2003 gwamnatin Obasanjo ta mai da haƙƙin gida na ma'aikata kuɗi a cikin albashi, aka shiga sayar da gidajen gwamnati, a Abuja ƙarƙashin Malam Nasir El-Rufai, jihohi kuma suka bi sahu. Mutane da yawa sun mallaki gida ta wannan hanya, kuma alheri ne. Abin da ba a sayar wa kowa ba shi ne titin unguwa da lambatu da fitilar kan hanya da filin wasan yara, waɗanda suka zama na kowa, suka rasa mai su. Filayen da aka ware don makaranta da asibiti a tsofaffin unguwanni da dama an yanka su fuloti. Yau 'yan kasuwa ne ke gina rukunin gidaje, a Abuja da Kano da Kaduna, kuma rigimar kuɗin hidima tsakanin mazauna da masu kula da rukuni ita ce dai tsohuwar rigimarmu ta wa zai gyara famfo, wa zai kwashe shara.

Ta fuskar karatu an sami sauƙin da ba mu yi mafarkinsa ba. Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wadda Shagari ya kafa a 1983 aka dakatar da ita a 1984, ta dawo a farkon shekarun 2000. Jami'o'i suna koyarwa ta intanet, littafin da muke bi layi mu yi wa hoto yana cikin wayar kowa. Ina murna da wannan. Abin da nake jin tsoron a rasa shi ne zaman da ke haɗa ma'aikacin banki da jami'in filaye da mai karɓar haya a ɗaki ɗaya, kowa ya faɗi inda takalmi ke matsa masa, malami yana saurare. Rabin abin da na sani a wannan aiki daga bakin abokan zama na ji shi.

Kirana ga hukumomin gidaje da na tsara birane na jihohinmu shi ne su koma tura ƙananan ma'aikatansu karatu suna kan aiki, su biya musu kuɗin makaranta, su sakar musu yammacin Juma'a ba tare da gori ba. Jami'o'in da ke da sashen kula da kadarori da na tsara birane su buɗe ajin ƙarshen mako na gaskiya, da malamansu na dindindin da ɗakin karatu a buɗe, su sa gidan Bahaushe da rabon gado da awon igiya da gini da adashi a cikin manhaja. Kai kuma matashin da aka ajiye wa fayil ɗin unguwa guda ba tare da an koya maka komai ba, kada ka jira hutun karatu. Nemi fom a bana, ka riƙe aikinka, ka shiga aji.